Kakar da Aka Yi Hayar Idanuna a Pitowa

Kafin in fara, ina neman afuwa. Abin da zan faɗa ya kwana biyu da faruwa, zuciya kuwa ba ta ajiye abu yadda ya auku. Inda ta ji zafi takan ƙara gishiri, inda ta ji kunya ta rage. Bayan haka, yawancin abubuwan nan na gan su ne da ido marar lafiya, ta cikin hawaye, wani lokaci ma biyu-biyu. Don haka in na ce wane ya yi murmushi, mai yiwuwa rana ce ta sa shi yamutsa fuska. Sunayen mutane duk na sauya su, har da nawa, don ba na son in ɗauki alhakin kowa.

Ku kira ni Sa'idu. Ni mutumin Funtuwa ne. Na karanta ilimin noma a jami'a, na fi ba da ƙarfi a kan auduga, na gama na zauna ba aiki har takarduna suka fara sauya launi a cikin jaka. A shekarar da auduga ta yi tsada a Najeriya, har fatake suka riƙa tsallaka iyaka nemanta, kawuna ya haɗa ni da wani attajiri a Garwa ta ƙasar Kamaru, wanda ke neman mai tantance masa auduga, ya ware mai kyau da marar kyau. Yadda na baro gida ba shi da wani abin faɗi.

Mayo-Ulo

Wurin da baƙo ya fara gaya mini cewa fuskata ta sauya shi ne shingen jandarmomi kusa da Mayo-Ulo, bayan mun shiga Kamaru. Jandarman yana zaune a gindin darbejiya. Ya dubi hoton da ke jikin takardata, ya dube ni, ya sake duban hoton. Ya yi Faransanci, ban ji ba. Ya koma Fulatanci, ban ji ba. Sai ya ce da Hausarsa mai gargada, "Wannan kai ne? Me ka sha?"

Ban sha komai ba. Amma ban ga laifinsa sosai ba, domin hannun da na miƙa masa takardar rawa yake yi, rigata ta jiƙe da gumi tun da hantsi, ga rama, ga idanu jajaye a waje. An yi watanni ina jin zuciyata tana bugu kamar ana sakwara a ƙirjina, ina cin abincin mutum biyu ina ƙara bushewa. Na ɗauka damuwar rashin aiki ce. Innata ta taɓa cewa idona ya ƙara girma, na ce mata karatu ne. Jandarman ya tsayar da ni a rana har sai da direba ya raɗa mini cewa na goro ake bayarwa, na bayar, muka wuce.

Garwa

Zafin Garwa wani iri ne, kamar kogin Binuwai tafasa yake yana turo tururi cikin gari. Aka kai ni zauren attajirin, Alhaji Mamuda, wanda kakansa ya zo daga Kano da fataucin goro ya zauna. Hausarsa tana tafe tana tsintar Fulatanci da Faransanci a hanya.

Kawu ya riga ya ja mini kunne cewa ƙasar nan ta Fulani ce, kunya a wurinsu ba abin wasa ba ce, yaro ba ya haɗa ido da babba. Don haka na durƙusa na sunkuyar da kai iyakar iyawata. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, fatar idona ta sama ta daina bin ƙwayar idon. In na kalli ƙasa, ƙwayar ta sauka, fatar ta tsaya can sama, fari ya bayyana. Wato ni ina nan ina ladabi, su kuwa harara suke gani.

"Kai, ɗan boko," in ji Alhaji, "ni kake zare wa ido a cikin zaurena?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, ƙasa nake kallo."

"Ɗago in gani."

Na ɗago. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake yi wa rago kafin a taya. Sai ya ƙwala wa mai awonsa kira. "Hamadu! Zo ka ga abin da Funtuwa ta aiko mana."

Hamadu dogo ne, siriri, sigari ba ya rabuwa da leɓensa. Ya yi makarantar Faransanci har wani mataki, shi ya sa yake kiran duk ɗan boko Misye, wato Malam da Faransanci. Suka yi magana da Fulatanci suka yi dariya. Na fito da takardun digirina, Alhaji ya ce in mayar kada su yi datti. Har na bar aikinsa bai taɓa buɗe su ba.

Pitowa

Sai da na isa Pitowa, garin da Alhaji ya tura mu kusa da Garwa, na fahimci irin cinikin. Manoma kamfanin auduga na ƙasar ke ba su iri da taki, shi kuma ya kamata su sayar wa. Mu a bayan fage muke saye, a gefen gari da ƙauyuka, a loda wa manyan motoci a nufi iyaka. Abin bai kwanta mini ba, amma na riga na zo, kuma na ce wa kaina aikina duba auduga ne kawai.

Ɗaki ɗaya aka ba mu da Hamadu, tagarsa ƙarama, kullum cike da hayaƙin sigari. Idanuna suka riƙa yi mini kamar an zuba yashi. Ga farin auduga tuli-tuli a tsakar rana, haskenta yana sukar ido kamar allura. Ranar kasuwa na sayi baƙin tabarau, na ɗan samu sauƙi.

Wata rana bayan azahar na kishingiɗa a rumfa, barci ya ɗauke ni. Da na farka sai na ga 'yan dako sun kewaye ni daga nesa suna kallona. Ashe idanuna ba sa rufewa duka in ina barci. Ni ban sani ba, ai mutum ba ya ganin barcinsa. Kafin la'asar labari ya zagaya cewa baƙon Alhaji ba ya barci, ko ya kwanta yana kallon kowa. Suka raɗa mini Malam Gite. Gite da Fulatanci idanu ke nan.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. To, akwai manoman da kan yayyafa wa auduga ruwa ko su cusa yashi a tsakiyar buhu don ya ƙara nauyi. Ba a can kaɗai ake yi ba, har a garinmu ana yi. Ran nan wani dattijo ya kawo buhunsa, na cire tabarau don in ga launin audugar da kyau, sai buhun ya rabu mini biyu, ɗaya bisa ɗaya. Na tsaya ina karkata kai, ina ƙura ido, ina ƙoƙarin in haɗa su su koma ɗaya. Ban san na daɗe ba. Sai na ji mutumin yana salati. Ya durƙusa, ya kwance bakin buhun da hannunsa, ya tura hannu har kafaɗa, ya fito da ƙullin yashi a tsumma.

Allah ne shaidata, ban ga komai ba. Buhun nake nema.

Washegari na tarar an ɗora kujera a kan wani faffaɗan tebur kusa da sikeli, tana fuskantar rana. Alhaji da kansa ya zo daga Garwa. Ya ce in hau. Na hau. Ya miƙo hannu ya zare tabarau daga fuskata ya sa a aljihu.

"Alhaji, hasken ne yake cutar da ni."

"Malam Sa'idu, ni ido na ɗauka aiki. Da gilashi nake so, ai da na saya a kasuwa."

Daga ranar ban sake taɓa auduga da hannuna ba. Ga yadda aikin ya koma. Manomi ya ɗora buhu a sikeli, Hamadu ya ɗaga kai ya dube ni, ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce, "Baaba, Malam ya daɗe a kan buhun nan naka. Ka yarda a rage, ko mu zazzage a gaban jama'a?" A ƙasar da mutum ya gwammace ya yi asara da ya ji kunya, wa zai ce a zazzage? Sai a rage. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu gaskiya ma yarda suke yi. Mutum ya san bai sa komai ba, amma ina ya san abin da ɗansa ko matarsa suka yi bayan ya ba da baya? Na ga wani ya juya ya wanka wa ɗansa matashi mari a wurin, a kan yashin da, iyakar zatona, babu shi.

Ni kuwa ina sama, rana tana dukan idanun da ba sa iya ƙiftawa sosai, suna ƙara ja, hawaye na zuba. Hamadu ya ce hakan ma ya fi kyau.

Na sami Alhaji na yi masa magana, a hankali, don ba na son a ce na yi rashin kunya.

"Ranka ya daɗe, ina jin kamar akwai alhaki a cikin abin nan."

"Ka taɓa cewa kana ganin cikin buhu?"

"A'a."

"Ka taɓa cewa a rage wa wani?"

"Ban taɓa ba."

"To, ƙaryar me ka yi? Zama kawai kake. Ka nuna mini ɗan digirin da ake biya don ya zauna, in ba kai ba."

Na koma kan kujerata. Amsoshina kullum sai bayan kwana biyu suke zuwa.

A cikin gari mata suka riƙa rufe fuskokin goyonsu in zan wuce. Mai shayi ya daina karɓar kuɗina, ya ware mini kofi daban, ya rataye shi a ƙusa shi kaɗai. In na yi sallama, a amsa ana kallon ƙafafuna. In Inna ta kira ni a waya sai in ce lafiya lau, aiki ya yi kyau, har kujera aka ba ni. Ban yi kewar tuwon gida ba kamar yadda na yi kewar wanda zai dubi fuskata ya yi mini ko da zagi ne.

Garwa, asibiti

Idon hagu ne ya fara tsorata ni. In na juya shi sai in ji zafi can ciki, abubuwa kuma suka fara dusashewa kamar ana kallonsu ta cikin leda. Na matsa a bar ni in ga likita. Alhaji ya yarda, amma ya ce Hamadu ya raka ni, tunda ba na jin Faransanci. Na yi masa godiya. Har yau in na tuna godiyar nan sai in ji ɗaci a bakina.

Muka yi zaman jira a ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa, wanda aka ce tun kafin a haife ni yake kan mulki. Likitar mace ce, 'yar kudu. Ta taɓa gaban wuyana ta ce in haɗiye yawu. Ta riƙe hannuna ta ji bugun jini, ta sa na miƙe hannuwa ta ɗora takarda a kai, takardar ta riƙa rawa. Ta tura a ɗebi jini. Da sakamako ya fito muka koma, sai ta ɗauko wata 'yar kwalba mai jan murfi. Ta rufe mini idon hagu, na ga murfin ja wur. Ta rufe na dama, sai na gan shi kamar busasshen goro.

Fuskarta ta sauya. Ta yi magana mai tsawo, tana nuna idona na hagu, tana buga tebur da ɗan yatsa, tana nuna agogon hannunta. Hamadu ya ba ta amsa, ta ɗaga murya, ya sake ba ta amsa. Sai ta dube ni wani iri, ta ja takarda ta rubuta magani.

Da muka fito na tambayi Hamadu, "Me ta ce?"

"Ta ce akwai wata 'yar halitta a gaban wuyanka, tiroyid suke ce mata, ita ce ke aiki fiye da ƙima. Ita ke sa rama da rawar hannu da fitowar ido. Ka sha ƙwayoyi, ka riƙa ɗiga magani. In an gama kakar auduga ka dawo."

"Duk doguwar maganar nan, ita ke nan?"

"Faransanci ke nan, Misye. Buhun auduga ne, girma ba nauyi."

Na yi shakka. Amma ni mutum ne mai shakkar shakkarsa. Na ce wataƙila haka harshen yake, wataƙila haka matan kudu suke magana da hannu, kuma ba kyau in zargi wanda ya bar aikinsa ya rako ni. Muka sayi magani a farmasi muka koma Pitowa.

Ƙwayoyin sun yi aiki, ba zan ɓoye ba. Zuciya ta lafa, hannu ya rage rawa. Ido kuwa sai gaba. Da na sake kuka, Alhaji ya ce asibiti ai an je, bari a gwada na gargajiya. Ya aiko wani tsoho mai ƙwarya da gashin kaza, wanda aka ce yana cire tsutsar ido. Ya shafa mini wani ruwa mai warin da ba zan iya kwatantawa ba, ya goga auduga a gefen idon, ya buɗe ta, sai ga tsutsa tana motsi. 'Yan dako suka yi kabbara. Na kawo ta kusa da idon dama na duba. Tsutsar auduga ce, mai cin ƙwallon daga ciki. A kanta na rubuta kundin kammala digirina. Na ce wa tsohon sannu da aiki, na zagaya bayan rumfa na yi amai.

Gindin dutse

Wajen ƙarshen kaka, da zafi ya kai zafi, muka koma saye a wani ƙauye a gindin duwatsu, ta wajen Mayo-Ulo. Sunan ƙauyen ya ɓace mini. Mutanen dutse ne, yawancinsu Kirista, da Hausar kasuwa muke fahimtar juna. Labarina ya riga ni isa. Tebur da kujera kuwa a saman mota ake ɗaure su duk inda za mu.

Cikin masu kawo auduga akwai wata dattijuwa gajera, da gicciye a wuyanta da ɗankwali a ka. Na ji ana kiranta Mama Marta. Ta ɗora nata a sikeli, Hamadu ya yi abin da ya saba.

"Mama, Malam ya daɗe a kan buhun nan."

"To, a zazzage."

Hamadu ya yi turus. "Mama, a gaban mutane fa."

"Ni na shuka, ni na cire, ni na ɗura. Zazzage. Ko hannunka na ciwo?"

Ba ta jira shi ba. Ta kama gindin buhun ta kifar, auduga ta zubo fara fat, ko tsinke babu. Ta tattaka ta da ƙafa don kowa ya gani. Sannan ta juyo ta nufo teburina. Mutane suka ja da baya. An yi watanni ba manomin da ya matso ni haka. Ta ɗaga kai ta dubi tsakiyar idona, ta daɗe.

"Ɗana, wa ya shanya ka a rana kamar barkono?"

Ta ƙara matsowa, ta sake tambaya.

"Uwarka tana da rai?"

"Tana nan, Mama."

"Ta ga idon nan?"

"Ba ta gan shi haka ba."

Ta yi tsaki. Ta ce in sunkuyo. Ta zuba ruwa daga gorarta a wani ƙyalle, ta ɗora mini a kan idanu biyu, ta danne da tafin hannunta mai kaushi. Ban san ko ta san wani abu game da ciwon ba, ina jin ba ta sani ba. Ta ga dai ɗan wani yana ƙonewa ne. Sanyin nan ban taɓa jin irinsa ba.

Da za ta cire, gefen hagu ya fara zamewa. Na ga ɗankwalinta launin ƙasa, kuma fuskarta ba hanci ba baki, inuwa kawai. Sai ƙyallen ya faɗi duka, idon dama ya buɗe. Ɗankwalin ja ne kamar jini. A asibiti murfin kwalba ne kawai ya dushe. Yanzu fuskar mutum ce gaba ɗaya ta tafi, a tazarar hannu ɗaya. Nan na tabbata cewa idon yana mutuwa ne, kuma ba zai jira a gama kaka ba.

Na miƙe tsaye a kan teburin. Ban taɓa yi wa taro magana ba a rayuwata, in ba gaban malamai ba.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Ba na so in ɓata wa kowa rai. Amma iyakar sanina, ni ba na ganin cikin buhu. Ban taɓa gani ba. Ciwo ne da ni. Buhun kansa ma, in gaskiya za a bi, biyu nake ganinsa."

Na zaci za a yi ihu, a kama Hamadu, a nemi a mayar da abin da aka rage. Sai wani dattijo mai farin gemu ya gyaɗa kai ya ce, "Haka manya suke faɗa. Mai abu ba ya cewa yana da shi."

Wani daga baya ya ce, "Kun ji da bakinsa. Biyu yake gani, na waje da na ciki."

Hamadu ya sunkuyar da kai yana dariya har sigarinsa ya faɗi. Na gaba a layi ya ɗora buhunsa, tun ba a tambaye shi ba ya ce a rage.

Ba zan iya faɗin abin da na ji ba sai da kalmar ƙyama. Ƙyamar teburin, da sikelin, da farin audugar, da mutanen da suka fi son a cuce su da abin al'ajabi a kan a gaya musu gaskiya marar daɗi. Wataƙila na yi musu rashin adalci a nan, tunda tsoro ba ya shawara da hankali. Amma abin da na ji ke nan.

Na sauko, na kusa faɗuwa, don ƙasar ma biyu nake ganinta. Mama Marta ta riƙe mini hannu, ta bar audugarta a zube, ta ja ni har bakin titi. Hamadu yana kira, "Misye! Misye Gite! Patron zai ji fa!" Alhaji yake nufi. Ta tsayar da motar haya ta ce wa direba, "Garwa, lopital, gidan likita. Kada ka sauke shi a tasha." A motar da ake cusa mutane kamar kifi a kwando, ni kaɗai na samu wuri har da na ajiye jaka. Ba wanda ya yarda jikinsa ya taɓa nawa.

Garwa kuma

Likitar ta gane ni tun daga ƙofa. Ta fara faɗa kafin in zauna. Na yi mata alama da hannu cewa ba na ji, na ce Hausa, Hausa. Ta aika aka kira wani nas, ɗan unguwar Hausawa ta nan Garwa. Shi ya fassara mini, jimla bayan jimla, ba ragi.

Ga abin da ta faɗa tun zuwan farko. Ciwon nan na tiroyid yakan kumbura naman da ke bayan ido, shi ke turo idon waje, shi ke hana shi juyawa daidai har mutum ya ga abu biyu. Ga yawancin masu shi abin yakan tsaya a ja da hawaye da ƙaiƙayi. Ni kuwa kumburin ya fara shaƙe jijiyar gani, dushewar ja ita ce alamar. Ta ce a kwantar da ni a makon nan a fara sa mini magani mai ƙarfi ta jijiya. Ta ce in guji hayaƙin sigari kamar wuta, in kare idon daga rana, in riƙa rufe shi da magani da bandeji in zan kwanta. Hamadu kuwa ya amsa mata cewa Misye ya ce ba shi da lokaci, yana da ciniki, sai bayan kaka.

"Ta ce ta yi mamakinka," in ji nas ɗin, yana kallon gefe. "Mai ilimi, ya zaɓi kuɗi a kan idonsa."

Ko Hamadu ya yi haka ne da ra'ayin kansa, ko umarni aka ba shi, ban sani ba, kuma ba zan rantse ba.

Aka kwantar da ni. Idon dama ya tsira, alhamdu lillahi, da shi nake wannan rubutu. Na hagu ya ɗan dawo, ya tsaya. Har yau kamar ta cikin gilashin da aka goga wa yashi nake kallo da shi, ja kuma bai sake zama ja ba. Na tambayi likitar ko da na kwanta tun farko da ya warke. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin abin da ya wuce ba, amma da ya fi haka, a zatonta.

Ina kwance Alhaji ya zo dubiya da ledar lemo. Ya zauna a bakin gado ya yi addu'a mai tsawo. Ya fito da tabarau ɗina daga aljihu ya ajiye mini a kan matashi. Sai ya kira nas ɗin gefe, amma ba nesa ba, don a zatonsa wanda aka ɗaure wa ido kunnensa ma a ɗaure yake.

"Malam, tsakani da Allah. Wannan ruwan da ake sa masa, zai mayar da idon ciki ne gaba ɗaya?"

"Kumburin zai ragu, Alhaji. Amma da wuya ya koma yadda yake a da."

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji.

Na daɗe ina juya wannan godiya a raina, ina neman yadda zan kyautata mata zato. Mai yiwuwa raguwar kumburin ya gode wa Allah a kai. Sai dai da ya dawo bakin gadon ya dafa ƙafata ya ce, "Malam Sa'idu, kujerarka tana nan. Baɗi ma sai mu sa mata laima."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan yi shawara." Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Lemon na ba maƙwabcin gadona. Da aka sallame ni na bi ta Yola na koma gida, ban sake taka Pitowa ba. Inna da ta gan ni, sai ta kama fuskata da hannu biyu ta kalle ni son ranta.

Yanzu ina koyar da noma a wata makarantar sakandare, ina bin asibiti yadda aka tsara mini. Yara sun saba da idona, har sukan yi mini ba'a, ni kuwa ina jin daɗin hakan fiye da yadda suke zato.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bayan tsawon shiru shi ne wani direban babbar mota da na haɗu da shi a tasha. Da ya ji na taɓa zama a Garwa, sai ya ce ai ya san wani Malam Gite mai ganin cikin buhu. Na ce ni ne. Ya dube ni ya ce a'a, wannan yaro ne matashi, daga wajen Bogo aka samo shi, siriri, ga cin abinci, ga gumi. Ya ce yanzu ba auduga kaɗai ba, har wake da gyaɗa ana ɗora shi a kansu. Direbobi sukan ƙara wa zance, na sani. Mai yiwuwa tsohon labarina ne ya zagayo ya same ni da sabuwar riga.

Don haka ina roƙon duk wanda ya shaida wani abu cikin abin da na faɗa, manomi ne ko ɗan dako, ko nas ɗin nan, ko Mama Marta in tana raye, kai, har Hamadu, in ya ga inda na kauce ya aiko a gyara. Ku kun gan ni fiye da yadda na gan ku. Amma gyaran da na fi bukata shi ne na zancen yaron Bogo. In ƙarya ne, a taimaka a gaya mini in huta. In kuwa gaskiya ne, kada a ɓata lokaci wajen rubuto mini. A je a same shi a kan teburin, a rufe masa ido ɗaya, a nuna masa wani abu ja, a tambaye shi launinsa. Sannan a sauko da shi a kai shi asibiti, tare da tafintan da ba ya cin tuwo a gidan Alhaji.